Makanikan Bagudo da Sauya wa Mota Inji

A ƙasar Bagudo ta Jihar Kebbi, inda Kogin Kwara ya ratsa kuma hanyoyin Illo, Lolo, Ka'oje da Tsamiya suke miƙewa zuwa iyakar Jamhuriyar Benin, motar da ta fito daga kamfani ba kasafai take jure laka da yashi da nauyin buhunan shinkafa da albasa ba, sai makanikai da masu walda sun sake mata fasali.

Mafi wuyar aikinsu shi ne sauya inji, wato a cire wanda ya gaji daga a-kori-kura irin Toyota Hilux mai kujeru biyu, gaba da baya, a dasa wani ɗan Kwatano, kamar yadda ake kiran kayan hannu da ke shigowa ta tashar jiragen ruwan Benin. Sau da yawa sabon injin ba ya zama daidai a gurbin tsohon, saboda haka sai an yanke ƙarafan da yake zama a kansu an sake waldarsu, an daidaita bakinsa da giyabos, sannan a sa lagireto mai girma domin kada zafin bazara ya tafasa ruwan. Kuskure kaɗan a wannan awo yana iya cinye kuloci ko ya girgiza motar har ƙusoshi su kwance, kuma abin jinjina shi ne yawancinsu da ido da kunne da igiyar awo suke cim ma daidaiton.

Daga nan sukan ƙara wa sifirin baya ganye domin mota ta ɗaga, ta ɗauki kayan manoma zuwa kasuwa ko da damina ta yi nisa.