Diwali: Kiɗa ɗaya, mawaƙa barkatai

Duk wanda ya yi zamani da rediyon FM a 2003 ya san wannan tafin, ko da kuwa bai san sunansa ba. Sunansa Diwali. Wani makaɗi ɗan Jamaika, Steven Marsden, wanda aka fi sani da Lenky, shi ya haɗa shi, ya raɗa masa sunan bikin fitilu na Indiyawa. Ma'abota finafinan Indiya da sun ji tafin za su gane dalili.

Al'adar mawaƙan dansihol a Kingston ita ce furodusa ya haɗa kiɗa zalla, wanda suke kira ridim, sai mawaƙa su yi ta zuwa kowa yana ɗora tasa waƙar a kai. A 2002 kamfanin Greensleeves na Ingila ya fitar da faifai guda mai waƙoƙi kusan ashirin, duk a kan Diwali. A nan gida da tuni an ce satar fasaha ce. Su kuwa a wurinsu jarrabawa ce: an ba kowa fili iri ɗaya, sai a ga wa ya iya noma.

To wa ya ci? In kasuwa za a bi, Sean Paul ne. Waƙarsa "Get Busy" ta hau lamba ɗaya a jadawalin Billboard na Amurka a 2003, faifansa Dutty Rock kuma ya ciyo Grammy a 2004. Amma tsakani da Allah, in ka cire kiran 'yan mata su taso rawa, me ya rage a cikinta? Muryarsa ta zauna daram a kan tafin, iyakarta ke nan. Wayne Wonder ya fi shi aiki a "No Letting Go", domin ya ɗauki kiɗa busasshe ya sa masa taushi har ya koma waƙar soyayya mai ratsa jiki. Ita kuwa Lumidee ta New York, da ta ɗora "Never Leave You", kiɗan ne ya goya ta; muryar na gabas, tafin na yamma.

Ni dai wadda ta tsaya mani a rai ita ce "Sufferer" ta Bounty Killer. Mutumin ya tashi a unguwannin talakawan Kingston, kuma da wannan murya tasa mai kauri ya yi maganar masu fama da babu. Tafin da ke sa ƙafa rawa a wurin Sean Paul, a wurinsa sai ka ji kamar ana buga ƙofa da fushi. Kiɗan bai canja ba ko kaɗan, mai maganar ne ya canja.

Abin takaicin, ita wannan ba ta ga irin alfarmar da 'yan uwanta suka gani a ƙetare ba. Gidajen rediyon Amurka sun kwashi rawa da soyayya, suka bar wa Jamaika kukan talakanta. Shi kansa Lenky, mai tafin, cikin waɗanda suka yi rawa da shi mutum nawa ne suka taɓa jin sunansa?