Gaɓa da Ma'ana a Furucin Dogayen Sunayen Sinadarai na Ingilishi

Shawarar da aka saba ba mai koyon furta dogon sunan sinadari da Ingilishi ita ce ya datsa shi bisa ƙwayoyin ma'anarsa, ya furta kowane yanki shi kaɗai. Wannan maƙala na ganin shawarar ta yi rabin aiki ne kawai.

Inda take ci, tana ci sosai. Ɗauki dichlorodiphenyltrichloroethane, wato maganin ƙwarin nan DDT. Yankunansa bakwai ne: di, chloro, di, phenyl, tri, chloro, ethane, gaɓoɓinsa kuwa 11. Babu gaɓar da ta tsallaka iyakar wani yanki, har mai sauraro na iya ƙirga ƙwayoyin kulorin 5 da kunnensa, biyu a farko, uku daga baya.

Amma a dubi formaldehyde. Ta fuskar ƙira, form ne da aldehyde. A bakin Bature kuwa, baƙin m yakan rabu da saiwarsa ya manne wa wasalin da ke gabansa, a sami for-mal-de-hyde, nauyin furuci na kan mal. Haka acetaminophen, sunan da Amurka ke kiran abin da Ingila ke kira paracetamol: amino da ke cikinsa ya sallama wasalinsa na farko ga gaɓar ta, dogon wasalinsa na tsakiya kuma ya gajarce. Tsarin sauti ya rinjayi ƙirar kalma ke nan, masu shawarar kuwa ba su ce uffan a kan haka ba. A nan inda aiki ya kawo ni, na ji ɗalibin da ke furta formaldehyde daidai, amma bai taɓa lura cewa dangin acetaldehyde ba ne. Kunnensa bai ji aldehyde ba, don haka hankalinsa bai kai ga dangantakar ba.

Wani abin kuma, ƙungiyar IUPAC da aka kafa a 1919 rubutun suna take tsarawa, furuci an bar wa al'ada. Shi ya sa methyl ke fita kamar misayil a Ingila, mesil a Amurka, in aka yafe mana th da Hausa ba ta da shi. Kamata ya yi malami ya rubuta kowane suna sau biyu a allo, datsin ma'ana a sama, datsin furuci a ƙasa, ya kuma faɗi karin ƙasar da yake bi.