Labarin Zane Bugun Gida: Sharhi a Kan Wani Ɗan Littafi Daga Kongolam

I

Dalilin rubuta wannan takarda shi ne wani ɗan littafi mai shafi 16 da ya zo hannuna a Kongolam, garin nan na bakin iyaka da ke ƙasar Mai'aduwa, arewa da Daura, a kan hanyar da ta nufi Matamaye da Damagaram. Wani saurayi ne da ya gama sakandare ya zana shi da hannunsa, ya buga maganganun da kwamfuta, ya yanka ya manna, sa'an nan ya kai shagon buga takardu aka ɗaukar masa kwafi, ya naɗe, ya ɗinke, yana sayarwa da kansa a tasha. Ba zan ambaci sunansa ba, gama bai buga don malaman jami'a su zauna su yi masa hukunci ba. Labarin da ya zana kuwa shi ne na Bayajida da macijiyar rijiyar Kusugu.

Irin wannan littafi shi nake kira labarin zane, watau labarin da ake bayarwa da hotunan zane a jere, maganar mutanen tana rubuce kusa da bakinsu. Tun da yake ba mu riga mun daidaita kalmomin wannan fanni ba, zan kira kowane hoto da ke cikin iyakarsa gida, kamar gidan dara. Farin filin da ke tsakanin gida da gida in kira shi lungu. Da'irar da ake zuba magana a ciki kuwa ƙoƙon magana.

Abin da nake so in nuna shi ne, injin zamani ya ɗauke wa marubuci wahalar neman maɗaba'a, amma ya kawar da edita bai bar masa magaji ba, kuma inda rashin nan ya fi tsanani shi ne cikin Hausar da ke ƙoƙon magana.

II

Masu karatu sun san littattafan Hausa na boko sun taso ne a hannun hukuma. Gasar 1933 ita ta haifi Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar, kuma kowannensu sai da ya bi ta hannun Rupert East a Zariya kafin ya ga rana. Bayan wannan aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, sai Hukumar NORLA wadda aka rufe a 1959, sai Kamfanin NNPC a 1966. A duk zamanin nan ƙofa ƙunci gare ta, masu shiga kaɗan ne, amma wanda ya shiga yakan tarar da mai gyara masa rubutu.

Daga tsakiyar shekarun 1980 al'amari ya juya. Tattalin arzikin ƙasa ya tsuke, manyan kamfanoni suka koma kan littattafan makaranta, marubuta suka shiga buga abinsu da kuɗinsu. Budurwar Zuciya na Balaraba Ramat Yakubu ya fito a 1987, In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino a 1991, wasu ɗaruruwa suka biyo baya, har Ibrahim Malumfashi ya laƙaba musu sunan Adabin Kasuwar Kano, aka yi shekaru ana muhawara a kansu a jaridu. Saboda haka saurayin Kongolam bai ƙago sabuwar hanya ba, magajin waɗannan ne. Bambancinsa da su shi ne su sai sun je wurin mai maɗaba'a sun biya kuɗin kwafi masu yawa a lokaci ɗaya, shi kuwa yana iya buga ashirin yau, in sun ƙare ya ƙara ashirin gobe.

Ta wajen zane kuwa gadonmu bai kai haka kauri ba. 'Yan makarantar da ba su manta da Sauna Jac ba, jaridu ma suna da masu zanen barkwanci, irin su Mustapha Bulama na Daily Trust. Amma yawancin abin da ido ya saba gani daga waje ya zo. Akwai mujallar African Film mai labarin Lance Spearman, wadda aka yi ta karantawa daga 1968 zuwa 1972, ita da hotunan kyamara aka yi ta. Akwai Ikebe Super da Wale Adenuga ya fara a Ikko a 1976. A kwanan baya kuma Roye Okupe ya fitar da Malika a 2017, labarin wata sarauniya mayaƙiya da ya gina bisa tarihin Amina ta Zazzau, amma da Turanci, a Amurka. Ke nan tarihinmu ya riga harshenmu shiga wannan fage. Wannan ne ya sa ɗan littafin Kongolam, duk da ƙanƙantarsa, ya cancanci a dube shi da idon basira.

III

Zan fara da yabo, gama akwai abin yabo. Saurayin nan ya fahimci injin da yake aiki da shi. Takarda ɗaya in an naɗe ta biyu takan ba da shafi huɗu, saboda haka takarda huɗu suka ba shi shafi 16, kuma ya gane lalle shafi na 16 ya zauna kusa da na 1, na 2 kusa da na 15, in ba haka ba labari ya hargitse bayan ɗinki. Ya kuma gane injin ɗaukar kwafi ba ya ƙaunar fensir, inuwa mai toka-toka takan ɓace ko ta zama dabbare. Sai ya yi aikinsa duka da baƙar tawada, inda yake son duhu ya ja layuka kusa da juna. Wanda ya taɓa ganin zayyanar allo zai gane inda hannun nan ya yi koyo.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ya yi da lungu. A ƙarshen wani shafi ga Bayajida ya zura guga cikin dare, a gida na biye ga macijiya ta ɗago kai, shi kuma hannunsa na kan wuƙar da maƙeran Gaya suka ƙera masa. Da ka juya shafi sai ka ga gari ya waye, jama'a sun kewaye rijiya sun riƙe baki. Saran kansa ba a zana shi ba, mai karatu ne ya yi shi a zuciyarsa sa'ad da yake juya takarda. Wannan ita ce gwaninta ta ainihi a labarin zane, kuma tsohuwa mai tatsuniya ta san irinta, don ita ma ta san inda za ta yi shiru.

Akwai kuma wuri ɗaya da ya nuna abin da zane ke iya yi wa rubutun Hausa. Sa'ad da masu ƙaryar kisan macijiya suka kasa kawo shaida gaban Daurama, Bayajida ya buɗe jakarsa ya ce, "Ga kai." Mun sani rubutunmu na boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, har ya zama kai na jiki da kai na wakilin suna siffarsu ɗaya a takarda, kamar yadda garin zama da garin tuwo suke. A zube sai marubuci ya ƙara kalmomi don kawar da shakka. A nan hoto ya ɗauke masa wannan nauyi, kalma biyu suka wadatar. Malaman harshe ya kamata su lura da wannan, gama yana nufin labarin zane na iya kusantar maganar baka fiye da kowane irin rubutu da muke da shi.

IV

Abin baƙin ciki, a sauran shafuffukan bai bi wannan hanya ba. Aibinsa na farko shi ne mutanensa suna magana kamar masu karanta sanarwa. Ga Ayana, tsohuwar da ta sauke shi, baƙo ya roƙe ta ruwa cikin dare, sai ta ce, "Ina mai baƙin cikin sanar da kai cewa babu ruwa a halin yanzu sakamakon wata macijiya." Wace tsohuwa ce a ƙasar Daura ta taɓa magana haka? Da cewa ta yi, "Ruwa? Ɗan nan, a garin nan sai Juma'a," da mun ji muryarta, da kuma ƙoƙon bai cinye rabin gidan ya rufe fuskarta ba. Wannan Hausar labaran rediyo ce, wadda ita ma fassarar Turanci ce. Waɗanda suka yi nasara a fannin nan da harshen titi suka yi ta. Ikebe Super da Turancin buroka ya karɓu. Aya de Yopougon, wanda Marguerite Abouet ta rubuta, Clément Oubrerie ya zana, ya fito a 2005, ya kuma ci kyauta a Faransa a 2006, alhali mutanensa da Faransancin unguwannin Abijan suke magana.

Aibi na biyu ya fi wannan ciwo. Duk inda aka yi ƙara, ko faɗuwa, ko gudu, sai ya rubuta kalmomin ƙara na Turanci da manyan haruffa, irin waɗanda ya gani a littattafan Amurka. Alhali kuwa a wannan fage Hausa ta fi Turanci wadata nesa ba kusa ba. Guga ya faɗa ruwa tsundum, macijiya ta taso wuf, mai barci ya farka firgigit, ya miƙe zumbur, abu ya faɗi tim, gari ya yi tsit. Waɗannan kalmomin amsa-kama sun daɗe suna wahalar da masu nahawu, don sukan karya ƙa'idar gaɓa, su ƙare da baƙin da sauran kalmomi ba su cika ƙarewa da shi ba, marubutan zube kuma sukan yi musu rowar wuri. Labarin zane shi ne gidansu na halak, inda za a rubuta tsundum da haruffa masu nitsewa cikin rijiya. Mai zanen da ya bar su ya ari na wani, ya bar hatsi a rumbu ya tafi bara.

Aibi na uku laifin inji ne, amma marubuci ne ya ɗauka. Salon haruffan da ya zaɓa a kwamfuta ba shi da ƙ da ɗ da ɓ, sai ya sa k da d da b. Sakamakon haka Bayajida bai ɗaure dokinsa ba, ya daure; baƙi suka zama baki; ƙafa ta zama kafa. Tun shekarun 1930 aka shigo da haruffa masu lanƙwasa don maganin wannan rikici, kuma suna nan cikin kwamfuta da wayar hannu ga wanda ya nema. Magani mafi sauƙi ma shi ne ya rubuta maganganun da hannunsa, tun da hannun da ya zana macijiya ba zai kasa lanƙwasa ƙ ba.

Akwai wata tambaya da ba zan kira ta aibi ba, ita ce ta karin harshe. Saurayin nan a bakin iyaka yake sayar da littafinsa, cikin masu sayensa akwai waɗanda ke ce wa makaranta lakwal, wutar lantarki kuran, waɗanda kuma suka koyi rubuta ƴ inda mu muke rubuta 'y. An yi taro a Bamako a 1966, an yi a Yamai a 1980, don daidaita rubutun ƙasashen biyu, amma taro ba ya sauya bakin mutane. Ra'ayina shi ne maganar mai ba da labari, wadda ake sawa a saman gida, ta bi daidaitacciyar Hausa, abin da ke cikin ƙoƙo kuwa a bar kowa da bakinsa. In Badauri ne ya yi Dauranci, in Badamagare ne a ji Damagaram a harshensa. Ta haka littafi zai koyar da ƙa'ida, ya kuma adana karin harshen da ƙa'ida ta bari a waje.

V

Kada wani ya ce abin da aka ɗinke a ɗaki bai isa a yi masa wannan dogon bincike ba. Robert Crumb a titin San Francisco ya sayar da Zap Comix a 1968. Kevin Eastman da Peter Laird da kuɗinsu suka buga littafin kunkurun nan mayaƙa a 1984, kwafi wajen 3,000, daga baya ya game duniya. A Tokyo tun 1975 ake cin kasuwar Comiket, inda masu buga nasu da kansu ke taruwa. Labaran zanen Japan ma daga dama zuwa hagu ake karanta su, abin da ke nuna babu abin da zai hana a yi labarin zane da ajami domin waɗanda suka yi karatun allo.

Mun riga mun ga abin da ke faruwa in masana suka juya wa bugun gida baya. Littattafan Kano sun yi shekaru ana musu kallon raini, har aka kai ga ƙona wasu a bainar jama'a a 2007, kuma da ba don irin su Graham Furniss sun tara su a Landan ba, da yawansu sun salwanta. Labarin zane da aka buga kwafi ashirin ya fi su saurin ɓacewa. Dokar Ɗakin Karatu na Ƙasa ta 1970 ta wajabta wa mai buga littafi ya ajiye kwafi uku a can, amma saurayin da ke tashar Kongolam wa zai gaya masa?

Saboda haka ina roƙon malaman kwalejojin horon malamai abu uku. Su riƙa sayen irin waɗannan littattafai duk inda suka gan su, su ajiye a ɗakin karatun sashensu, da shekara da wurin saye a rubuce. Su sa ɗalibansu su mai da tatsuniya ɗaya labarin zane mai shafi takwas, da sharaɗin kada ƙoƙo ya wuce abin da mutum zai faɗa da numfashi ɗaya, gama babu darasin da zai koya musu bambancin maganar baka da rubutacciya kamar wannan. Na uku, in mai zane ya kawo musu aikinsa, su duba masa kafin ya kai shago. Aikin da East ya yi wa marubutan 1933 daga ofis ɗaya a Zariya, yau ba mai iya yinsa sai malamai da yawa a garuruwa da yawa, kuma da sharaɗin su gyara harafi su bar wa yaro muryarsa.

Na mayar wa saurayin nan kwafinsa da gyare-gyarena da jan biro. Ya duba, ya karɓi maganar haruffa da ta amsa-kama, amma ya ce tsohuwar da na ba shi ta cika tsiwa, Ayana tasa mai kunya ce. Na ga yana da gaskiyarsa, gama shi ya zana fuskarta. Allah ya ƙara masa basira, mu kuma ya ba mu ikon sauke abin da ya rataya a wuyanmu.