Dariyar mutuwa: haske da duhu a tatsuniyar Gizo da Kura ta ƙasar Dakoro

Duk wanda ya yi nazarin kalmomin Hausa ya san yadda harshen ya raba duniya gida biyu. Alheri yana wajen fari da haske, sharri yana wajen baƙi da duhu: farin ciki da baƙin ciki, farin jini da baƙin jini, hasken ilimi da duhun kai. Malamai sun ƙarfafa wannan rabo tun daga sunayen littattafai, kamar Nurul Albabi na Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da Liya'ul Hukkami na ƙanensa Abdullahi, waɗanda duka biyu da haske suka fara. Da boko ya zo bai sake kome ba, domin masu yaƙi da jahilci su ma cewa suke za su fid da jama'a daga duhu. Abin da muke nufin nunawa a nan shi ne, akwai wani sashe na adabin baka da bai yarda da wannan rabo ba, yana kuwa kife shi a inda ba a zato, watau wajen haɗa mutuwa da ban dariya.

Faransawa suna kiran irin wannan raha humour noir, sunan da André Breton ya yaɗa da littafinsa na 1940. Ba za mu fassara shi kai tsaye ba, saboda a Hausa baƙar magana gatse ce mai ciwo, ba lalle ta zo da dariya ba. Don haka muka zaɓi mu ce dariyar mutuwa.

Misalinmu tatsuniya ce da ake bayarwa a ƙauyukan Dakoro, tana kuma da ƴan'uwa har ƙasar Senegal, inda zomo yake tsaye a matsayin Gizo. Ga taƙaitawarta. Ana yunwa a gari, amma Gizo sai ƙiba yake yi. Kura ta matsa masa, ya tona mata asirinsa: kowane dare yakan shiga cikin bajimin sarki ta dubura, ya yanki kitse, ya fito kafin asuba. Suka shiga tare, ya gargaɗe ta kada ta taɓa zuciya. Kwaɗayi ya sa ta tsinke ta, sa ya faɗi matacce, ƙofa ta rufe. Gizo ya ɓuya a mafitsara, Kura ta shige tumbi. Da gari ya waye mahauta suka feɗe sa, suka jefar da mafitsara. Gizo ya fito jiƙe yana kukan an ɓata masa riga, sa'an nan ya ce shi ya san abin da ya kashe bajimin sarki, yana cikin tumbi, a sa sanduna. Aka daki tumbi har Kura ta mutu. A nan ne yara suke faɗuwa don dariya.

Mu dubi inda kowane abu ya faru. Babu wurin da ya kai cikin sa duhu, ga shi ƙunci, ga shi rufe, kamanninsa da kabari ba ya ɓoyuwa ga mai sauraro. Amma a cikin wannan kabari ne abinci yake, a nan ake ƙoshi, a nan ne kuma kaɗai Gizo ya faɗi gaskiya, da ya ce kada a taɓa zuciya. Wayewar gari kuwa, wadda a wa'azi ita ce lokacin bayyanar gaskiya, a nan ita ce ta kawo ƙarya da kisa. Da rana tsaka, a gaban fada, kowa yana gani, aka gaskata ɓarawo aka kashe abokin satarsa bisa shaidarsa. Karin magana ya ce dare rigar mugu. Tatsuniyar ta amsa da cewa mugun da ya ƙware ba ya bukatar riga.

Akwai wani abu na lafazi da rubutu yake ɓatarwa, wanda a ganinmu shi ne zuciyar dariyar. Gizo mai tsamin baki ne, yana cewa "shaiki" maimakon sarki, kuma mai ba da tatsuniya wajibi ne ta kwaikwayi muryarsa. Ke nan hukuncin kisan Kura da bakin jariri aka yanke shi. Muryar da aka saba ji da rashin laifi ita ce take ba da umurnin duka. Wanda ya karanta irin waɗannan labarai a tarin Frank Edgar na 1911 zuwa 1913 zai sami jerin aukuwa, amma wannan saɓani tsakanin murya da ma'ana sai a bakin tsohuwa. Kada kuma a manta da dokar lokaci: ba a tatsuniya da rana, ana tsoratar da yara cewa mai yi zai ɓata. Labarin da ya tozarta rana, dare ne kaɗai aka yarda ya ji shi.

Me ya sa wannan juyi ya yi daɗin ji a Dakoro? Amsar tana cikin ƙasar kanta. Garin yana kusa da kwarin Tarka, a bakin iyakar noma da dokar 1961 ta shata tsakanin gonaki da makiyaya. Ga manomin nan, sama mai haske a watan Agusta labarin mutuwa ce, baƙin hadari kuwa shi ne albishir. Harshen ma ya yi nasa gatsen: fari na launi da fari na rashin ruwa rubutunsu ɗaya ne, karin sauti ne ya raba su, fara ta launi da fara mai cin hatsi tsawon wasali ya raba su. Ba mu ce asalinsu ɗaya ba ne, amma kunne yana jin kusancin, kuma masu raha suna amfani da shi. Likkafani ma fari ne. Wanda ya ga farin 1973 da na 1984 ba ya bukatar a koya masa cewa haske yana kisa. Yunwar 1984 kuwa da ba'a aka raɗa mata suna, El Buhari, saboda a shekarar ce Janar Muhammadu Buhari ya rufe iyakar Najeriya, hatsi ya daina haurowa.

Manazarta da suka karanta Mikhail Bakhtin, wanda aka fassara littafinsa kan Rabelais zuwa Faransanci a 1970, za su yi saurin cewa wannan dariyar talaka ce da take kifar da masu iko. Ba mu yarda gaba ɗaya ba. Sarki ya yi asarar sa, gaskiya ne, an kuma mai da fadarsa wawaye. Amma wadda ta mutu ba sarki ba ce, mayunwaciya ce kamar Gizo, kuma masu dariyar sun fi kama da ita fiye da kowa a labarin. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Haka nan ba mu goyon bayan masu shirya littattafan makaranta da suke liƙa wa irin wannan tatsuniya darasin cewa kwaɗayi mabuɗin wahala. Gizo ya fi Kura daɗewa yana cin kitsen, ga shi ya koma gida wajen Ƙoƙi lafiya lau, a wasu bakunan ma har da diyyar rigarsa.