Kowa da fam ɗinsa: ina za a haɗa bayanan lafiyar Zango?

Abin da ke ba ni haushi a binciken lafiyar da ake yi a Nima da Mamobi, unguwannin Zango na Akra, shi ne yadda kowane mai bincike ke zuwa da fam ɗin da ya ƙirƙira da kansa. Wannan ɗalibi ya zo auna hawan jini, ya kasa shekarun mutane gida huɗu; wata ƙungiya ta biyo bayansa ta kasa gida shida. Wannan ya rubuta sukarin jini da mmol/L, wancan da mg/dL, na uku bai ma faɗi ma'aunin ba. Iyayenmu mata sun bar sana'a sun zauna a tsakar gida suna amsa tambayoyi, an soki yatsu, an tafi. Ranar da aka so a haɗa sakamakon don a ga ko ciwon suga na ƙaruwa a Zango, sai a tarar takardun ba sa jituwa. Tiyar Malam da tiyar Hajiya sun bambanta, to wa zai faɗi yawan masarar da ke rumbu?

Ga ma'aunan nan kuwa a shirye, nema kawai ake ƙi yi. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da kundin ICD mai bai wa kowace cuta lamba: a ICD-10 sikila D57 ce, hawan jinin da ba a gano sanadinsa ba I10, kuma ICD-11 ya fara aiki a Janairun 2022. Asibitocin Ghana sun san lambobin nan, domin da su ake neman kuɗi a inshorar lafiya ta ƙasa, kuma tun 2012 suke zuba alƙaluma a rumbun bayanai na DHIMS2. Gwajin jini da na fitsari suna da LOINC, kyauta. Gwajin magunguna yana da CDISC, wanda hukumar magunguna ta Amurka ta wajabta tun ƙarshen 2016. Wanda bai san inda zai fara ba, shafin BioPortal na Jami'ar Stanford ya tara masa ɗaruruwan kundaye wuri ɗaya. Yini guda ya ishi ɗalibi ya duba, amma sai ka ga ya kwashe wata yana ƙera abin da aka riga aka ƙera, yana kuma alfahari da shi.

Za a ce kundayen ƙasashen waje ba su san yadda mutanenmu ke faɗin ciwo ba. Da gaskiya a nan, kuma wasu, kamar SNOMED CT, sai da lasisi. Tsohuwa a Mamobi za ta ce jikanta na fama da shawara, don idonsa ya yi rawaya. Ai nan ne lamba ta fi amfani: rawayar idon da ba a gano tushenta ba R17 ce, ciwon hanta nau'in B sabon kamu B16, zazzaɓin shawara kuwa, wanda ya kashe mai bincike Hideyo Noguchi a Akra a 1928, A95. Mai fam ɗin gida da ya rubuta "shawara" ya tsaya, ya cusa cututtuka uku a layi ɗaya. A rubuta maganar tsohuwa yadda ta faɗe ta, a yi gwaji, a ɗora lambar a gefe. Inda kundin ya gaza, a cike shi, yadda masanan Afirka suka tsara kundin kalmomin sikila maimakon kowa ya yi nasa.

Binciken RODAM ya iya kwatanta ƙiba da ciwon suga tsakanin 'yan Ghana mazauna Kumasi da na Amsterdam da Berlin da Landan saboda an auna kowa da hanya ɗaya. Mu kuwa Nima da Sabon Zango, da ke gari ɗaya, sun gagare mu kwatantawa. Kwamitocin da ke amincewa da bincike, da sarakunan Zango da limaman da ake gaisarwa kafin a shiga gidaje, su riƙa tambayar mai fam da wane kundi zai rubuta cututtukanmu. In ba shi da amsa, ya je ya nemo kafin a tara masa mutane.