Shago: Ɗan Damben Ƙarfi Ne Ko Na Dabara?

Akwai wata muhawara da ta daɗe tana yawo a bakin masu sha'awar dambe, tun daga rumfunan mahauta na kasuwar Birnin Kudu har zuwa majalisun dattawan Gwaram, kuma yanzu ta fara shigowa cikin rubuce-rubucen 'yan ƙungiyarmu. Muhawarar ita ce: a wane aji za a sa damben Shago, gwarzon nan na ƙasar Zamfara wanda Muhammadu Bawa Ɗan Anace ya waƙe? Wasu sun ce ƙarfin dantse kawai Allah ya ba shi. Wasu kuma sun ce ƙarfi kaɗai ba ya kai mutum inda Shago ya kai, lalle akwai dabara da lissafi. Nufina a wannan ɗan sharhi shi ne in duba hujjar da kowane ɓangare ya dogara da ita.

Da farko dai, ya kamata mai karatu ya lura da cewa yawancin masu wannan gardama ba su taɓa ganin Shago a fage ba. Abin da muka gada game da shi waƙa ce, sai kuma labaran baka. Don haka gardamar ta koma ta adabi, domin waƙar Ɗan Anace kowa yake buɗewa ya ciro abin da ya yi masa daɗi.

Masu cewa ƙarfi ne suna kafa hujja da irin siffofin da makaɗin ya ba shi, na mutuwa da firgici da ɓarna, har ya kai labarin jarumtakarsa lahira ya haɗa shi da Walakiri. To, amma duk ɗalibin da ya yi nazarin waƙoƙin makaɗan maza ya san wannan kambamawa ce. Aikin makaɗin dambe shi ne zuga: ya tsima nasa, ya karya zuciyar abokin karawa tun kafin a ɗaura zare. Ba a ɗauke shi don ya bayyana yadda ɗan wasa yake ajiye ƙafa ko yadda yake kauce wa naushi ba. Waƙar tana shaida mana sakamako, wato Shago yana kisa kuma ana tsoronsa. Hanyar da yake bi ya yi kisan kuwa ba ita ce jigonta ba.

Masu cewa dabara ce su ma suna da tasu matsalar, domin ma'auninsu na aro ne. Turawa sun kasa 'yan dambensu gida-gida: akwai mai bugu daga nesa yana zillewa, akwai mai matsa wa abokin karawa ba hutu, akwai mai dogaro da naushi guda mai nauyi. Sukan ba da misali da Muhammad Ali a rukuni na farko, Joe Frazier a na biyu, George Foreman a na uku. Wannan rabo ya dace da wasansu. A karawar Kinshasa ta ranar 30 ga Oktoba, 1974, Ali ya jingina da igiya ya bar Foreman yana ta duka har ya gaji, sannan ya kayar da shi a zagaye na takwas. Wasa ne da aka shirya masa zagaye goma sha biyar, hannu biyu duk na duka, ga alƙalai suna rubuta maki, kuma an auna nauyin kowa.

Yanzu a kwatanta da namu. A damben gargajiya babu igiyar da za a jingina da ita. Hannu ɗaya ake ɗaure wa zare, shi ne na duka, ɗayan kuma a miƙe yake yana tsaro yana auna tazara. Turmi uku ake yi. Da zarar hannu ko gwiwa ta taɓa ƙasa, an yi kisa, magana ta ƙare. A da ba a auna nauyi, ƙaramin mutum yakan taka ƙato in zuciyarsa ta ba shi. A irin wannan wasa, ina lokacin da za a gajiyar da mutum har zagaye takwas? Kuma wanda yake da makami ɗaya tak, in ya sake shi a banza ya buɗe kansa. Ke nan duk wanda ya daɗe yana kisa, dole ya iya jira, ya iya karanta idon abokin karawa, ya san lokacin saki. A dambenmu ƙarfi da dabara a hannu ɗaya suke, raba su gida biyu shi ne tushen kuskuren ɓangarorin nan duka.

Abin mamaki shi ne 'yan dambe suna da nasu rabon, mu marubuta ne muka ƙi kula da shi. Suna rabuwa ta ɓangare: Kudu da Arewa da Guramada. Suna rabuwa ta hannu, shi ya sa ake jin Bahagon wane. Suna rabuwa ta ƙira, ga Dogon wane nan. Suna rabuwa ta gidan da aka koya, a ce Autan wane ko Garkuwan wane. Mafi muhimmanci ga batunmu, har yau idan yaro ya tashi a hannun wani ubangida, Shagon wane ake ce masa. Mutumin da ake gardamar ajin da za a sa shi, ga sunansa nan ya cika fagage daga Kano har Abuja. A ganina wannan ya fi kowace waƙa nuna matsayinsa a wurin masu sana'ar.

Me ya sa wannan ya shafe mu? Saboda ina ganin matasanmu sun fara sa 'yan dambe a ƙagaggun labarai, wasu ma suna yunƙurin rubuta tarihinsu. Wanda ya kwashe kirari ya mayar da shi tarihi ya yaudari mai karatu. Wanda kuma ya kwaso siffar Ali ya lulluɓa wa Shago ya zalunci al'adarsa. Idan kana son ka rubuta dambe, ka je fage da kaka bayan an kawar da amfanin gona, ka tsaya kusa da masu kalangu, ka ga yadda take yake tayar da mutum. Ka nemi Sarkin Fawa na garinku ya haɗa ka da tsofaffin da suka taɓa ɗaura zare, ka tambaye su sunan kowace tsayuwa da kowane bugu, ka rubuta da bakinsu. Waɗannan dattawa kullum raguwa suke yi, kuma kalmomin da ke bakinsu ba duka ne suka shiga ƙamus ba.

Hukuncina dai shi ne, waƙar Ɗan Anace ta isa hujja a kan cewa Shago makashi ne, ƙa'idojin wasan kuma sun isa hujja a kan cewa makashi ba ya rasa dabara. Wanda yake da wata hujja da ta wuce wannan, musamman daga bakin wanda ya ga Shago da idonsa, shafin nan a buɗe yake gare shi a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.