Fim ɗin Yesu a Ƙauye

Fim ɗin Yesu na 1979, wanda aka juya zuwa Hausa, ya bi Bisharar Luka sau da ƙafa, ƙarfinsa ke nan. Manomin ƙasar Zakirai da bai iya karatu ba zai ji misalin mai shuka da harshensa, ya kuwa san ɓarnar tsuntsaye da ƙaya.

Amma ɗan wasan, Brian Deacon, Baturen Ingila ne. Yaro ya gani sai ya ɗauka Almasihu Bature ne, ga shi dā ma ana ce da bangaskiyarmu addinin Turawa. Maƙwabcinmu Musulmi kuma, nuna fuskar Annabi Isa rashin ladabi ne a wurinsa. Fasto, kafin ka kafa majigi a fili, nemi izinin mai unguwa. In ya ƙi, a nuna cikin majami'a, ka tsaya amsa tambayoyi.